Tsirran da na tarar a sabon lambu: wanne zan cire, wanne zan bari?

Tambaya: Mun koma wani gida mai tsohon lambu a bayansa, wanda ya yi kusan shekara biyu ba mai kula da shi. Da ruwa ya sauka komai ya taso, na kasa bambance shuka da ciyawa. Uku ne suka fi damuna: wata ciyawa mai ganye mai sheƙi wadda in na cire yau, kafin mako ta dawo, wani tsiro mai yaɗo mai kaurin ganye da jan kara, sai wani ɗan itace a gindin katanga mai manyan fararen furanni kamar kakaki, wanda yarana ke son wasa a wajensa. Maigida ya ce a sa a nome duka a huta. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, bari in fara da na ukun, domin shi ne ba ya jira. Ki je ki ɗaga ganyensa ki duba. In kin ga 'ya'ya masu zagaye kamar ƙwai, jikinsu duk ƙaya ko ƙuraje, kuma ganyen in an murza yana fitar da wani wari mai ɗaukar kai, to zaƙami ne, wanda ake kira haukata-yaro. Ba a banza aka sa masa wannan suna ba. Masana suna kiran danginsa Datura, kuma tun daga saiwa har fure babu inda ba guba, musamman irin da ke cikin 'ya'yan nan. Sinadaran da ke cikinsa, atropine da scopolamine, suna busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su sa zuciya gudu, jiki ya ɗau zafi, mutum ya fita hayyacinsa. Ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da ƙaramin yaro. Akwai ɗan'uwansa da ake shukawa don ado, wanda furanninsa ke ratayowa ƙasa maimakon su dubi sama, shi ma gubar ɗaya ce. Ko wanne ne a cikinsu, yau ya kamata ya bar gidan.

Ki sa safar hannu, ki fara tsinke 'ya'yan ki zuba a leda ki ɗaure, don in suka bushe suka fashe kin shuka na baɗi da hannunki. Sannan a tono shi da saiwarsa. Kada a zuba wa dabba, kada a jefa cikin ramin taki, kada kuma a ƙona shi inda mutane za su shaƙi hayaƙin. In har kin yi zargin wani yaro ya tauna wani abu daga jikinsa, a wuce asibiti nan take, a tafi da reshen a nuna wa likita. Wannan doka ta fitar da tsiro tun kafin a gama bincike ta shafi duk abin da aka san gubarsa a gidan da ke da yara: zurma mai ganye kamar tafin hannu da iri mai zane-zane, bini-da-zugu, da tumfafiya wadda farin ruwanta ke illata ido.

Sauran lambun kuwa, ki roƙi maigida ya ɗan dakata. Na fahimci dalilinsa, ido ba ya son ganin duhuwa a cikin gida. Amma nome komai a rana ɗaya yana jawo asara iri biyu. Ta farko, duk abin da mai gidan na da ya dasa ya yi wa hidima shekara da shekaru zai tafi tare da ciyawa, kuma akwai shukokin da ke ɓuya a ƙasa rabin shekara, ba sa nuna kansu sai lokacinsu ya zo. Ta biyu ta fi ciwo: wasu ciyayin, sara da fartanya yaɗa su yake yi. A sari ɗaya gida biyar, a samu biyar.

Ƙa'idar da nake aiki da ita, kuma nake koya wa duk wanda ya gaji lambun wani, ita ce: tsiron da ba ki sani ba, ki bar shi ya yi fure, amma kada ki bar shi ya zubar da iri. Tsakanin buɗewar fure da nunar iri akwai 'yan kwanaki, wani sa'in makonni, kuma a cikinsu ne za ki san sunansa ba tare da ya cutar da ke ba. Ganye yana ruɗi. Tsiro ɗaya zai yi faffaɗan ganye a inuwa, ya yi ƙanƙane a rana, na ƙuruciyarsa daban, na girmansa daban. Fure da 'ya'ya ne ba su cika sauya kama ba, shi ya sa tun zamanin Carl Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin da ya tsara ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a 1753, da fure aka fi dogara wajen rarraba tsirrai. In iri ɗaya ya cika wuri, ba sai kin bar su duka ba. Ki bar biyu ko uku a gefe, ki kafa musu tsinke ki ɗaura ƙyalle, ki cire sauran.

Rabin ƙa'idar na biyu, wato hana zubar iri, shi mutane suka fi sakaci da shi, alhali shi ke yanke yawan wahalar da za ki sha nan da shekara goma. A 1879 wani malamin ilimin tsirrai a jihar Mishigan ta Amurka, William Beal, ya zuba irin ciyayi fiye da kala ashirin cikin kwalabe 20 da yashi, ya binne su, aka riƙa tono ɗaya bayan wasu shekaru ana gwada ko irin zai tsira. Ya rasu, waɗanda suka gaje shi suka ci gaba. Kwalbar da aka tono a 2021, bayan sama da shekara 140 a ƙasa, har a lokacin an sami irin da ya tsira. Ƙasar lambunki rumbu ce ta iri, kuma shekara biyun nan da aka bar ta ba kulawa an yi ta cika rumbun ne. Duk juyin ƙasa mai zurfi yana ɗago tsohon iri zuwa haske, shi kuma hasken yake jira.

Kafin furen ya zo akwai abin da za ki iya yi yau, kuma a ganina ya fi sanin suna amfani: ki tono guda ɗaya daga kowane iri, ki dubi saiwarsa. Ban ce ki fizge ba, ki sa shebur ki ɗago shi da ƙasarsa bayan an yi ruwa, ki wanke a bokiti. In saiwar 'yan siraran jijiyoyi ce kamar gashi, ta fito ba gardama, galibi tsiron na shekara ɗaya ne, duk ƙarfinsa a iri yake, hana shi iri kin gama da shi. In doguwa ce guda ɗaya mai nutsewa, to dole a fitar da ita da tsawonta, don wasu suna tohowa daga guntun da ya rage. In kuwa kin tarar da fararen igiyoyi masu gaɓoɓi suna gudu a kwance ƙarƙashin ƙasa, ko wasu ƙulle-ƙulle kamar goro, kin gamu da mai ajiyar abinci a ƙasa, kuma abin da kike gani a sama ɗan kaɗan ne daga jikinsa.

Ciyawarki ta farko, bisa yadda kika siffanta ta, tana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ki tsinki karanta ki murza tsakanin babban yatsa da manuni. In kin ji yana da kusurwa uku, ba ya mirginawa sumul, kuma ba shi da gaɓa, to ba ta cikin dangin ciyawa na ainihi irin su harƙiya da tuji, waɗanda karansu ke da gaɓoɓi. Ki dube ta daga sama, za ki ga ganyen ya fita ta fuska uku. Wannan aya-aya ce, Cyperus rotundus a bakin masana. Ki bi saiwar a hankali da yatsa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa: za ki ci karo da wani baƙin ƙulli mai tauri, in kin fasa cikinsa fari ne mai ƙamshi mai yaji, daga jikinsa wata siririyar igiya kamar waya ta wuce zuwa wani ƙullin, shi ma zuwa wani, kamar carbi. Kan furenta ja ne mai duhu. In kuwa furen ya yi rawaya-rawaya, ƙullin kuma ɗaya-ɗaya ne a ƙarshen kowace igiya, 'yar'uwarta ce, kuma maganinsu kusan ɗaya ne. An sami rahoton aya-aya tana addabar amfanin gona a ƙasashe sama da 90, har masana da yawa suna sa ta a kan gaba cikin mugayen ciyayin duniya.

Abin da ya sa take dawowa kafin mako shi ne ganyen kawai kike cirewa, ƙullin yana nan da guzurinsa. Kuma a cikin carbin nan yawancin ƙullayen barci suke yi, na gaba ne ke danne su. Ranar da aka tsinka igiyar, kowanne sai ya farka ya tura nasa tohon. Na taɓa ganin wannan da idona a wani filin gwaji da nake kula da shi: kusurwa ɗaya ce kawai ke da aya-aya, aka shigo da injin da ke marmasa ƙasa aka bi filin duka, bayan mako uku ko'ina ya yi kore shar da ita, har inda ba a taɓa ganinta ba. Mun kwashe damina biyu muna biyan bashin aikin yini ɗaya. A kan wannan ciyawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanyar da ke aiki ta haƙuri ce. Ki tono da shebur ki tsince ƙullayen da hannu, yawancinsu suna cikin taƙi ɗaya na saman ƙasa. Ki shanya su a kan dandamali, rana mai zafi tana kashe su in sun bushe ƙayau. Duk wadda ta sake fitowa, ki cire ta tun tana da ganye huɗu ko biyar, kafin ta fara ƙulla sababbi, don kowane toho yana cin guzurin ƙullin ne, in ba ta sami damar mayarwa ba sai ya ƙare. Ba ta jure inuwa, saboda haka shuka mai rufe ƙasa da ganye tana taimakonki. Siririyar leda kuwa huda ta take yi ta fito. Kiri-kiri da tofa su ma ta ƙarƙashin ƙasa suke tafiya, kowace gaɓa da aka bari sabuwar ciyawa ce.

Na biyun, mai kaurin ganye da jan kara, ya fi kama da fasa-ƙaba, Portulaca oleracea. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki karya karan. In ruwan da ya fito garau ne, karan kuma mai kauri ne sumul ba gashi, shi ne. Da hantsi in rana ta fito za ki ga 'yan ƙananan furanni rawaya da ke buɗewa na 'yan sa'o'i su rufe, daga baya wani ɗan ƙoƙo ya fito wanda murfinsa ke ɓallewa, cikinsa baƙin iri kamar yashi. Amma in kin karya kin ga farin ruwa kamar madara ya tsatso, karan siriri ne, ganyen kuma ba shi da kauri, to kin kama ɗaya daga dangin nonon-kurciya masu kwanciya a ƙasa, waɗanda ruwansu ke sa ƙaiƙayi a fata da zafi a ido. Sau da yawa tare suke fitowa a wuri ɗaya, kama da wane kuwa ba ta wane.

Fasa-ƙaba na shekara ɗaya ne, cire shi ba wuya, sai dai yana da dabara. Ruwan da ya tara a jikinsa yana riƙe shi kwanaki bayan an tumɓuke shi, a cikin kwanakin nan sai ya ƙarasa nunar da irinsa, in kuma ƙasa da danshi ya sake kama saiwa. Don haka kada a bar shi yashe a kan kunya, a kwashe a fitar. Yana cikin irin da Beal ya binne, kuma ya tsira bayan shekara 40. Balasa mai shuɗin fure ita ma haka take kamawa ta kowace gaɓa, har tana yin wasu furannin a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kai.

To yaya za ki gane abin da hannun mutum ya shuka? Ki tsaya daga nesa ki dubi tsarin wurin. Abin da aka shuka yakan fito a layi, ko da tazara iri ɗaya, ko an kewaye gindinsa da duwatsu, ko akwai tsohon turke ko guntun igiya kusa da shi, ko yana bin hanyar da ruwa ke bi. In kin ga alamar tsohon yanka a reshe, an taɓa yi masa aski, wato wani ya damu da shi. Ciyawa kuwa ba ta zaɓen wuri: za ki gan ta a fage, ki gan ta a tsagar siminti, ki leƙa waje ki gan ta a bakin hanya. Abin da ya fito iri ɗaya ciki da waje, da wuya a ce shuka ce.

Akwai kuma gyauro, wato abin da ya tsira da kansa daga irin da ya zube bara, kamar tumatir da barkono a inda aka saba zuba shara. Yawancinsa ba laifi a bar shi. Wanda nake gargaɗi a kai shi ne gyauron dangin kabewa da duma, domin suna barbara da na jeji su haifar da 'ya'ya masu tsananin ɗaci, ɗacin kuma guba ne mai murɗa ciki. In kin gaji itatuwa masu aure, wato waɗanda aka haɗa reshen wani itace da gindin wani, irin su lemo da mangwaro, ki nemi kumburin da ke kusa da gindi inda aka haɗa su. Duk reshen da ya fito ƙasa da wannan kumburi na uwar gindin ne, yakan fi ƙarfi da ƙaya, in an bar shi sai ya kashe na saman da aka dasa itacen dominsa. A lambun da aka yi shekara biyu ba a duba ba, kusan kullum ana samun wannan.

'Yan ƙananan da suka fara leƙowa su ne masu wuyar ganewa, har ga waɗanda suka daɗe a aikin. Ganyen farko da ke fitowa daga cikin iri ba ya kama da ganyen tsiron na gaskiya. Abin da zai gaya miki kawai shi ne ɓangaren da tsiron yake: mai fitowa da tsinke ɗaya yana wajen su ciyawa, masara da albasa, mai buɗe kunnuwa biyu yana wajen masu faffaɗan ganye. Ki jira ganye na uku da na huɗu. Daga nan sai ki koyi alamun dangi, sun fi haddar sunaye saurin shiga kai. Kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, ga ƙamshi in an murza: dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Ganye mai rassa da 'ya'ya a cikin kwanso: dangin wake, kuma in kin ga 'yan ƙuraje a saiwarsu ba cuta ba ce, nan ne ƙwayoyin halittar da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi suke zaune. A cikin dangin nan tafasa da rai-ɗore suna ruɗa mutane, amma tafasa ƙananan ganyenta shida ne, biyu-biyu a jere uku, masu zagayen baki, rai-ɗore kuwa nasa sun fi yawa kuma masu tsini ne, irinsa yana cutar da dabbobi da yara. Ga masu zama a ƙasashen sanyi, duk wani tsiro mai ganye kamar na karas da farin fure kamar laima, kada a taɓa shi da hannu tsirara sai an tabbatar, don a wannan dangi ne ake samun wasu daga cikin tsirrai mafiya guba a Turai da Amurka. Ki yi amfani da ido, da yatsa, da hanci. Harshe ba ya cikin kayan aikin nan.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet da iNaturalist da Google Lens suna taimakawa ƙwarai, ni ma ina amfani da su. Amma ki ɗauki abin da suka faɗa a matsayin shawarar farko. Suna ƙoƙari a kan fure, suna yawan kuskure a kan ƙananan tsirrai da ciyayi masu siririn ganye, kuma sun fi sanin tsirran yankunan da aka fi ɗora musu hotuna. In manhaja ta ba ki suna, ki nemi bayanin tsiron ki gwada da wanda ke hannunki gaɓa-gaɓa: jerin ganye, gashi, ruwan kara, launin fure, sannan ki duba ko yana ma fitowa a yankinku. Abu ɗaya ya saɓa, to ba shi ba ne. Ki kuma riƙa rubuta sunan kimiyyar tare da wanda aka saba, domin suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku daban, tsiro ɗaya kuma ya amsa sunaye da yawa daga wuri zuwa wuri. Tsohon manomi ko malamin gona da ya san ƙasar wurin sau da yawa zai faɗa miki abin da waya ta kasa daga kallo ɗaya, musamman in kin kai masa tsiron ɗungurungum da saiwarsa. In tafiyar za ta ɗau lokaci, ki shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida ki danne da abu mai nauyi, kina sauya takardar kullum har ya bushe.

In kina son fara shuka a bana, ki zaɓi fage ɗaya ki share shi sosai, ki yi masa ban-ruwa, ki bar shi kwana goma zuwa sha huɗu ba ki shuka komai ba. Kusan duk abin da ya fito ciyawa ce, kuma kin sami damar ganin kamanninsu tun suna ƙanana. Ki kankare su sama-sama ba tare da juya ƙasa ba, sannan ki shuka a layi madaidaici, yadda duk abin da ya fito a wajen layi kin san matsayinsa. Maganin feshi kuwa kada a saya sai an san abin da za a kashe. Irin su 2,4-D masu faffaɗan ganye suke kamawa su ƙyale ciyawa mai siririn ganye, iska kaɗan kuma ta isa ta kai shi kan tumatir ya nannaɗe, glyphosate kuwa ba ya tambayar wanda ya shuka, duk koren da ya taɓa zai ci.

Sauran lambun ki ba shi zagayen shekara guda kina kallo. Ki zana taswirarsa a littafi, ki ba kowane baƙon tsiro lamba, ki rubuta ranar da ya fito da ranar da ya yi fure. Waɗanda suka gagare ki, ki ɗauko mini hoto huɗu na kowanne: tsiron gaba ɗaya a inda yake, ganye ta sama da ta ƙasa tare da wurin da ya manne da kara, fure ko 'ya'ya daga kusa, sai saiwar bayan an wanke ta. Ki ɗora su a kan farar takarda a cikin inuwa mai haske, ki ajiye biro a gefe don in gane girmansu, ki kuma faɗa mini ko karan ya fitar da farin ruwa da kika karya shi.